Dabaibayin Sezim

Ranar da matar ofishin tallafi za ta zo duba gidan, Kubat ya farka ya tarar gida ya kacame kamar ana shirin ɗaurin aure. Yayansa Joldosh ya riga ya kora shanu da goɗiya zuwa garken maƙwabci, ya dawo yana tura motarsa bayan tarin ciyawa, yana haki. Matar Joldosh, Gulbara, ta rungumo talabijin kamar jinjiri ta nufi ramin ajiyar dankali. Uwarsu Burul kuwa tana tsaye a tsakar gida, ta dogara sanda tana rabon aiki.

"A naɗe dardumar nan ma. Wa ya taɓa ganin talaka yana taka irin wannan?"

"Apa, ai ba sai mun yi ƙarya ba," Kubat ya ce wa uwar tasa yana dariya, 'yarsa Sezim tana saɓe a kafaɗarsa tana tsotsar kunnensa. "Ni dai kuɗi, ko som ɗaya ba ni da shi."

"Kai ne ba ka da shi. Mu muna da shi, shi ya sa muke shan wannan wahalar dominka. Je ka cire rigar nan, ta yi kyau da yawa."

Kubat bai daɗe da dawowa ƙauye ba. Matarsa ta tafi Mosko aikin ɗinki da niyyar 'yan watanni, sai ta bugo waya ta ce kada ya jira ta. Ya yi ta zuwa garejin da yake aiki a birnin Bishkek da jaririya ɗaure a ƙirji, har mai garejin ya ce masa ramin gyaran mota ba wurin reno ba ne. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, mutum matarsa ta gudu ta bar shi, amma kullum bakinsa har kunne. Yarinyar ta gama da shi. In ta yi atishawa sai ya kira mutane su zo su gani. In ta kama masa gashin baki ta ja, sai ya zagaya tsakar gida da ita yana rawa, kaji suna watsewa.

Matar ofishin ta iso da hantsi, takalmanta duk taɓo. Aka zaunar da ita a kan tsohon bargo, aka kawo mata shayi ba sukari, don Burul ta ɓoye sukarin a cikin tanda. Gulbara ta sunkuyar da kai tana jan hanci. Joldosh ya fara ba da labarin rashin da ya same su bana, bai kai rabi ba sai aka ji ƙofar gida ta yi ƙara. Jar saniyarsu ce ta gaji da baƙunta, ta turo ƙofa da goshi, ta wuce kai tsaye zuwa kwaminta ta hau ci.

"Ta maƙwabta ce," in ji Gulbara da sauri. "Ba ta da kunya ko kaɗan."

Dariya ta kama Kubat har sai da ya cusa fuska a cikin Sezim. Matar ta dubi saniyar, ta dubi Joldosh, sannan ta tsaya kallon Kubat, wanda ya kwantar da yarinyar a cinyarsa yana canza mata kunzugu da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana yi mata cakulkuli. Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye kofin shayin, ta ce za a kira shi.

Da katin banki na tallafin Sezim ya fito, Kubat da gudu ya dawo daga bakin titi, yana kaɗa shi sama kamar tuta. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma a idonsa kamar an ba shi garke. Ya sayo gwangwanin madarar jarirai, da safa mai kunnuwan zomo, da wata jar hula da ta yi wa Sezim yawa har tana rufe mata ido. Ya zauna gabanta yana karanta mata rubutun jikin gwangwanin da muryar mai labaran talabijin, ita kuma tana ƙyalƙyala masa dariya da haƙoranta biyu.

Wajen cin abincin rana Joldosh ya miƙa hannu.

"Mu ga abin nan da kake ta rawar kai a kansa."

Kubat ya ba shi. Joldosh ya juya katin gaba da baya, ya tambayi lambar sirrin kamar mai tambayar ƙarfe nawa, Kubat ya faɗa masa. Sai Joldosh ya zura shi a aljihun ƙirji ya maɓalle, ya ci gaba da yagar burodi.

"Baike," in ji Kubat, har yanzu da murmushi a fuskarsa, don da haka ƙane yake kiran wansa ko da rai ya ɓaci. "Katin fa?"

"Yana wuri mai kyau. Kai da ba ka iya riƙe mace ba, ina za ka iya riƙe kati?"

Gulbara ta tuntsire da dariya. Burul ta zuba wa Kubat shayi.

"Wa ya kora shanu ranar nan? Wa ya tura mota? Da ba don wanka ba, da ko ƙeyar katin nan ba ka gani ba. A gida ɗaya kuke ci, duk abin da yarinya take so ka faɗa a saya mata."

Kubat ya ga kamar maganar da gaskiya a ciki. Ya yi dariya tare da su.

Gwangwanin ya ƙare daidai da zubar ƙanƙarar farko. Ya faɗa wa Joldosh, Joldosh ya ce wannan watan an saya wa mota tayoyin hunturu.

"In ciwo ya kama yarinyar, da me za a kai ta asibiti? Da jaki? Ai don ita na saya."

Watan da ya biyo baya ɗiyar kawun Gulbara ce ta yi aure, aka kai gudummawa.

"Sunan gidanku na je na kare, ɗan gata," in ji Gulbara. "Gobe in Sezim ta tashi aure, wa zai zo in ba mu je na mutane ba?"

"Jenge," in ji Kubat, don haka ake kiran matar wa, "ai sai ta girma tukun za ta yi auren."

"To wa ya hana ta girma?"

Akwai shanu a gidan, amma madarar ta motar kamfani ce da take zuwa kowace safiya. Abin da ya rage a gindin bokiti shi ake tsinkawa da ruwa a ba Sezim, a jiƙa mata burodi a shayi. Cikinta ya ƙi karɓa. Kubat ya koma wankin tsumma a bakin rafi, yana fasa ƙanƙara da dunduniya, yana rera wa tsummokaran waƙar da ya ƙirƙira, hannuwansa sun yi ja sun tsattsage. In aka raba nama sai ya tauna nasa rabon ya sa mata a baki. In aka ba shi ƙwai sai ya zura a aljihu. Shi kansa ya fara jin jiri in ya miƙe tsaye, duniya ta juya masa, sai ya kama bango yana dariya ya ce wa yarinyar, "Kin gani, ko lilo ba mu biya ba muna hawa."

Ya gwada neman aiki. Wani maƙwabci ya kira shi gyaran tarakta, ya bar Sezim wajen Gulbara. Da ya dawo da la'asar ya tarar da ita ɗaure a gadon jarirai yadda ya bar ta, jiƙe sharkaf, muryarta ta dishe har kukan ba ya fita.

"Ni baiwar wani ce?" in ji Gulbara. "Ina da nawa aikin. Kuma kuka yana buɗe ƙirji."

Bai sake fita aiki ba.

Sezim ta daina jan gashin bakinsa. Tana dai bin sa da ido, in ya yi mata rawa sai ta yi ɗan murmushi kamar mai yi masa alfarma. Ta cika shekara ba ta ko kama bango ba. Ya kai wa uwarsa maganar, tana zaune tana kaɗin ulu.

"Da shayi na raine ku dukanku, ga ku nan ƙatti. Madarar gwangwani ta matan birni ce masu ƙyuya. Kai dai kana so ka nuna mana ka fi mu son 'ya'ya."

"Apa, kuɗinta ne fa. Da sunanta aka bayar."

"Ita kuma a gidan wa take kwana? Wutar da take ji, gwamnati ce ta saro itacen?"

Ya kai yarinyar ƙaramin asibitin ƙauye a ƙafa, don Joldosh ya ce babu mai a mota. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta ja fatar idonta ta duba, ta ce jininta ya yi ƙasa, nauyinta ya tsaya. Ta ce a ba ta madara ta gaske, da ƙwai, da hanta, da maganin ƙarin jini.

"Ba kana karɓar tallafi ba?"

"Ina karɓa."

"To ina yake zuwa?"

Kubat ya buɗe baki, sai dariya ta fito maimakon magana. Matar ba ta taya shi ba.

Da ya mayar da bayani a gida, Burul ta kaɗa kai. Ta ce ba wani jini, dabaibayi ne ba a yanke wa yarinyar ba, shi ya sa ƙafafunta suka ƙi sakuwa. A yi mata biki kamar kowane ɗa, a ɗaure mata ƙafafu da zare a yanke, a ga ko ba za ta tashi da gudu ba. Idon Joldosh ya kawo haske nan take. Shekara da shekaru suna cin tuwon bikin mutane suna kai gudummawa, su ba su tara kowa ba.

Gidan ya sake kacamewa, wannan karon komai fito da shi ake yi. Aka shimfiɗa dardumai har waje. Aka yanka tumaki, aka sayo wani ƙaton rago mai ƙaho na kyautar tseren maza, aka ɗauko sanƙira da makaɗa daga gari. Mata suka cika tsakar gida suna suyar boorsok, wato fanken ƙasarsu, ƙamshin mai ya game unguwa. Kubat ma zumuɗin ya kwashe shi. Shi ne hawa tsani, shi ne jan wayar lantarki, shi ne ɗanɗana miya. Da aka gwada wa Sezim farar riga mai baza, ya ɗaga ta sama yana juyi da ita har sai da suka zube tare a kan tarin matasai. A ransa ya riga ya gama lissafi: abin da baƙi za su kawo zai ishe ta madara har ta ƙoshi.

"Baike, gudummawar da za a tara, ta Sezim ce ko?"

Joldosh yana ɗaure ragon a jikin shinge, bai ko waiwayo ba.

"Ta gida ce. Ko Sezim ba 'yar gida ba ce? Kwanon rufin nan kake gani, da ruwan bazara ya sauka a kanta zai zuba."

Ranar biki rana ta fito fes, ƙanƙara ta narke, titi ya zama taɓo. Mutane suka cika maƙil. Aka tsayar da Sezim a kan farin ƙyalle a ƙofar gida, Burul ta ɗaure mata ƙafafu da zaren ulu baƙi da fari. Yara suka taso da gudu daga ƙarshen layi, wanda ya riga isowa ya karɓi wuƙa ya yanke zaren. Aka ɗauki guɗa, aka watsa alewa. Dattijai mata biyu suka kama hannuwan yarinyar don ta taka.

Ƙafafun suka naɗe kamar tsumma. Aka ɗaga ta, suka sake naɗewa. Ta rataya a hannun matan, kanta ya langaɓe gefe, tana neman ubanta da ido.

"Ragwancin ubanta ta ɗauko," in ji wani daga baya, aka kwashe da dariya.

Ɗaya daga cikin dattijan ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna ta zagaye cinyar yarinyar da yatsu biyu, yatsun suka haɗu. Ta ɗago ta dubi Burul.

"Burul, me kuke ba yarinyar nan?"

"Haƙori take fitarwa," in ji Burul, ta ɗaga wa makaɗa hannu su ƙara sauti.

Kubat yana tsaye da tiren nama a hannu, ya ga yatsun nan biyu. Ya ajiye tiren a kan kujera. Sanƙira yana kiran maza su tafi ƙarshen layi don tseren rago, samari suna naɗe ƙafar wando suna tsokanar juna. Kubat ya tuɓe takalmansa ya bi su.

"Ina za ka?" in ji Gulbara. "Mai biki ba ya shiga tsere, kada ka ba mu kunya."

Bai ji ta ba, ko kuma ya ji. Da aka saki hula ƙasa ya zabura. Hunturun nan ya zazzage shi, ba abin da ya rage a jikinsa sai ƙashi da dogayen ƙafafu, ya ji kansa sakayau kamar iska za ta ɗauke shi. Taɓo yana fallatsa har kunnensa, gidaje suna juyawa, samarin da suka cika ciki da nama suna nishi a bayansa. Dariya ta taso masa tun daga ciki, yana gudu yana yin ta, har ya zo ya rungumi ragon nan a wuya suka faɗi tare.

Jama'a suka ɗauki sowa, don abin ya ba su nishaɗi. Sanƙira ya miƙa masa abin magana, ya ce gwarzon tsere ya yi wa mutane jawabi. Kubat ya miƙe yana haki, taɓo yana ɗiga daga gashin bakinsa, muryarsa ta karaɗe unguwa ta cikin lasifika.

"Na gode muku da kuka zo. Ragon nan da kuɗin madarar 'yata aka saye shi, shi ya sa na ga gara in ci abina." Wasu suka yi dariya, suna zaton raha ce. "Baike, katin Sezim yana aljihunka na ƙirji, wanda ke da maɓalli. Don Allah ba ni shi, ga mutane shaida."

Makaɗa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Joldosh ya yi yaƙe, ya dubi surukansa da ke zaune a sahun gaba, ya dubi dattijuwar da har yanzu take tsugune gaban yarinyar.

"Ɗan banza, ai ajiya na yi maka," in ji shi, yana kokawa da maɓallin. "Kun ga yaran yanzu, a yi musu alheri su tara wa mutum jama'a."

Kubat ya karɓi katin da hannu biyu, ya ce ya gode. Ya ɗauki Sezim ya saɓa a kafaɗa, ya kwance ragon daga shinge, ya ratsa tsakiyar baƙi ba takalmi. Burul ta kira sunansa sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, irin kiran da take yi masa yana yaro in ya yi laifi. Ƙafarsa ta so tsayawa. Ragon ne ya fizge shi gaba, ya bi.

A bakin titi direban bas ya ce ba ya ɗaukar dabba. Kubat ya ce wannan ba dabba ba ne, madara ce da hanta da maganin ƙarin jini. Direban ya dube shi sama da ƙasa, ya buɗe masa bayan mota.

Ya sayar da ragon a kasuwar dabbobi, ya je ya durƙusa wa tsohon maigidansa na gareji. Mutumin ya yi ta mita, daga baya ya ba shi ɗakin mai gadi da ke bayan garejin, da sharaɗin yarinya ba za ta kusanci ramin mota ba. Kubat ya kewaye mata wuri da tsofaffin tayoyi ya shimfiɗa bargo. Tallafin bai taɓa isa ba, kafin wata ya ƙare sai an haɗa da ɗan abin da yake samu na facin taya. Amma abin da ya shigo, cikin Sezim yake shiga. Likita ya ce za ta murmure, sai dai ƙafafun za su ɗan jima ba su miƙe sosai ba, kuma da an ƙara jinkiri da maganar ta zama wata.

A ƙauye kuwa har yau in aka tayar da zancen, cewa ake yi Kubat ya tozarta uwarsa a gaban baƙi, ya ci mutuncin wan da ya ba shi masauki. Masu faɗar haka duk suna wurin ranar, duk sun ga ƙafafun yarinyar, duk sun ci naman. An yi wa gidan sabon rufi, yana ƙyalli tun daga bakin titi.

Wata rana da rani, Sezim ta kama taya ta miƙe, ta saki, ta tako zuwa wurin ubanta tana tangaɗi kamar mai maye, ta faɗa kan gwiwarsa. Kubat ya yar da sifana, ya zagaya garejin da ita a wuya yana sanar da duk wanda ya gani, har da masu kawo gyara da bai taɓa sani ba. Yana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Sunan uwarsa ya gani, karo na farko tun ranar biki. Ya ɗauka.

"Apa, ta yi tafiya. Yanzun nan, da ƙafarta, wallahi kamar kin sani."

"To madalla," in ji Burul. "Ai na faɗa maka dabaibayi ne. Ga shi an yanke ta tashi." Ya ji muryar Joldosh daga nesa yana tuna mata wani abu. "Wanka ya ce igiyar da ka tafi da ragon nan tasa ce, sabuwa ce. In ka sami mai zuwa ka aiko da ita."

Kubat ya tsaya da waya a kunne yana jira ko akwai saura. Babu.

"To, Apa," ya ce. "Zan aiko."

Ya kashe wayar, ya sauke Sezim ya tsayar da ita a kan ƙafafunta. Ya ja da baya kaɗan, ya tsuguna, ya buɗe mata hannuwa.